Ƙwaryar Galili

Masu zagina a ƙasan rubutu, ku ɗan adana yawunku tukuna, don yau za ku same ni da dalili. Sababbin zuwa kuma, sunana Sabuwa, 'yar Gidan Korau ce ni, wani ƙauye a bayan Dandamisa inda sai ka jingina da katangar coci kafin wayarka ta ga sabis. Hausawa ne mu gaba da baya, kuma Kirista. Na faɗa ne tun yanzu don kar wata ta sake tambayata wai wane yare ne mu, tambayar nan tana ƙona mini rai.

Tun rasuwar Babana, maganar gidanmu a bakin mutum ɗaya take, wato Kaka Lantana, mahaifiyarsa. 'Yar firit ce, goro ya rina mata haƙora, amma in ta yi gyaran murya har kaji nutsuwa suke yi. A Maguzanci aka haife ta, sai da ta yi 'ya'ya aka yi mata baftisma, kuma tun daga ranar ta riƙe addini da hannu bibbiyu. A wajenta Ista ta fi Kirsimeti nesa ba kusa ba. Ran Juma'ar da aka gicciye Almasihu ba a daka a gidanmu, ba a ɗora nama, ba a dariya, fate ne ba mai ba komai. Ran Asabar a kira maƙwabcinmu Malam Bilya ya yanka akuya, don Kaka ta ce abincin da maƙwabtanta Musulmi ba za su ci ba, ita ma ba ta ci. Lahadi da asuba mata su fita da waƙa su nufi makabarta. Litinin kuma gari ya kwashe zuwa Galili.

Galili wani faffaɗan dutse ne a bayan gari, nan ake hawa da tabarmi da kulolin abinci a wuni ana murnar tashin Almasihu. A can ne kuma ake zancen ƙwarya. Wata tsohuwar ƙwarya ce baƙa mai ɗinki a gefe, duk shekara tana rataye a ragayar ɗakin Kaka. In an yarda da saurayin wata 'yar gida, Kaka za ta cika ta da kunun zaƙi, ta rufe da faifai, yarinyar ta ɗauka ta kai masa yana durƙushe a gaban jama'a. Ya sha, ya tafi da ƙwaryar gida, Lahadi mai zuwa ya dawo da ita cike da goro tare da magabatansa. Da ita aka aurar da gwaggwannina duka. In ƙwaryar nan ta shiga hannun namiji, magana ta ƙare.

Bana ni nake jiran ta, ni da Sama'ila.

Sama'ila malamin firamaren garinmu ne, mutumin wani ƙauye ta wajen Hunkuyi. Dogo ne baƙi mai wushirya, in yana dariya sai ya dafe ƙirji. Kaka da kanta ta fi ni rawar kai a kansa. Da ta ji ƙarar babur ɗinsa za ta gyara ɗaurin kallabi ta ce, "Ga mijina nan, ke Sabuwa tashi ki ba mu wuri, ba wajenki ya zo ba." Shi kuma ya zube ya ce, "Amaryata, ai ke ce ta gaban goshi, wannan 'yar rakiya ce." Har Inna, da ba ta cika magana ba, takan yi murmushi a bakin murhu.

To kun ji yadda muke kafin shegen bakina ya jawo mana.

Duk Juma'ar Ista matasa suna wasan kwaikwayon gicciye a harabar coci. Kowa yana son zama Bitrus, 'yan mata suna faɗa a kan Maryamu, sojoji ma rububinsu ake yi saboda hular kwali. Amma Yahuza, wanda ya sayar da Ubangijinsa, ba mai taɓa shi. Shekara da shekaru wani tsoho Ɗan'azumi ne yake yi, shi da ba mata ba ɗa. Sunan Yahuza ya bi shi har yara ba su san sunansa na yanka ba, a gidan biki ma kwanonsa daban ake zuba masa. Da damina ya rasu. Da muka zauna rabon wasa aka zo kan Yahuza, kowa ya sunkuyar da kai yana danna waya.

Ni ce na ɗaga hannu. Na ce, "Malam Sama'ila zai yi."

Ku tambaye ni me na sha ran nan. Gani nake yi mutumina ya fi kowa iya magana, in ya fito gari zai san wa zan aura. Shi kuma baƙo, bai san Ɗan'azumi ba balle kwanonsa. Da yamma saƙonsa ya shigo:

"Gimbiya, an ce kin sayar da ni ga matasa."

Na rubuta, "Kyauta ma na ba da kai. Ka yi shi yadda Kaka za ta yi kuka."

"In ta fasa aurena fa?"

"Sai ni in rufa maka asiri."

Ya turo mini fuskokin dariya cike da layi. Har yanzu saƙon yana wayata, na kasa gogewa.

Ran Juma'a rana ta take sosai, irin zafin bazarar da ko inuwar mangwaro ba ta yi maka komai. 'Yan Zumuntar Mata ta cocinmu sun jeru a benci da baƙaƙen kallabi, Kaka a gaba da sandarta. Sama'ila ya fito cikin wata tsohuwar jallabiya, ya ɗaure ƙugu da igiya, a hannunsa 'yar jaka cike da murafun kwalaben lemo a matsayin azurfa. Jama'a, ya iya. Iyawar ce ma ta kashe mu. Ɗan'azumi in ya fito haushi kawai yake yi yana tangaɗi, kowa ya yi dariya a wuce wurin. Sama'ila kuwa sai ya zo a hankali, yana murmushin nan nasa mai wushirya, ya rungumi mai yin Almasihu kamar ɗan uwansa na ciki ɗaya, ya sumbace shi a kumatu. Sannan ya juyo ya kaɗa jakar kusa da kunnensa, murafun suka yi ƙara, ya lumshe ido.

Wurin ya yi tsit. Sai muryar Kaka ta tsaga shirun.

"La'ananne! Me ya yi maka?"

Ta cire takalminta ta wurga masa. Matasa suka kwashe da dariya, ni ma na yi, har da riƙe ciki, na manta ranar da ake ciki. A ƙarshe da ya zo wajen nadama ya watsar da murafun a ƙasa yana kuka da hawaye na gaske, mata da yawa sun share ƙwalla. Da aka tashi na hango Goggo Bilkisu, ƙanwar Babana, tana tsince murafun ɗaya bayan ɗaya tana zubawa a bakin zaninta. Na ce a raina, yau kuma Goggo tsabta ta motsa.

A gida na tarar da Kaka zaune a ƙofar ɗakinta, ba ta ko taɓa faten ba. Na durƙusa ina zolayarta.

"Kaka, yaya kika ga mijinki? Ai ya ƙure kowa."

"Wa ya sa shi?"

"Wasa ne fa, Kaka."

"Na ce wa ya sa shi?"

Na sha jinin jikina. Na ce, "Matasa ne."

Kaka ta ce, "Ke yarinya ce. Ni a gidan da ake kaɗa garaya na tashi, na ga yadda abu yake hawan mutum. Na san idon mai wasa, na san idon wanda aka hau. Ɗan'azumi wasa yake yi, shi ya sa bai iya ba. Wannan kuwa ba koya ya yi ba, a cikinsa abin yake, yau ya samu ƙofa ya leƙo."

"Haba Kaka, Fasto ma fa ya yaba masa."

Goggo Bilkisu ta fito daga madafa tana karkaɗe zani. Ita dama tun da aka fara zancen ƙwarya bana take cika tana batsewa, don 'yarta ta girme ni kuma ba wanda ya taɓa durƙusa mata a Galili. Ta ce, "Fasto ne zai zauna da shi? Mutumin da ya iya murmushi yana cin amana haka, ke har kin isa ki gane ranar da yake miki na gaskiya? A haifa mana 'yan Yahuza a gida, a riƙa ware mana kwano a biki."

Na juya wajen Inna ko za ta ce wani abu. Ta ci gaba da tsince wake kamar ba ta wurin. Ban ga laifinta ba, matar da mijinta ya mutu ta zauna a gidan surukai ba ta da bakin magana.

Ran Asabar Sama'ila ya zo da rake ɗauri guda da mazarƙwaila da zakara. Malam Bilya yana fiɗar akuya a gindin darbejiya, har ya tsokane shi, "Malam, labarinka ya iso mu, an ce jiya ka sha takalmi." Sama'ila ya yi dariya ya wuce ya zube gaban Kaka.

"Amaryata, barka da hutawa. Ko har yanzu ana fushi da ni?"

Kaka ta kalli bango. Ya sake gaisuwa, ta sake kallon bango. Da ya gaji ya miƙe, tun bai kai zaure ba ta ce, "Bilkisu, kawo tsintsiya ki share wurin nan." Ya ji. Na ga yadda kafaɗarsa ta motsa, amma bai waiwayo ba. Raken kuwa awaki aka zuba wa.

Na bi shi da saƙo: "Ka yi haƙuri, tsufa ne. Za ta huce."

Ya amsa, "Yara sun bi babur ɗina suna kiran wani suna. 'Yan ajina ne fa, Sabuwa."

Na tura masa hoton zuciya. Ban gaya masa zancen Ɗan'azumi ba, ban gaya masa na ce wa Kaka matasa ne suka sa shi ba.

Lahadi da asuba muka fita da farin kallabi, ana buga tulu ana kaɗa kacau-kacau har makabarta. Kaka ta tsaya a kan kabarin Babana ta ɗaga murya, "Almasihu ya tashi!" Muka amsa, "Ya tashi hakika!" Tana hawaye, ni ma ina yi, ina roƙon Allah ya sanyaya zuciyar tsohuwar nan albarkacin wannan safiya. A hanyar dawowa ta dafa kafaɗata ta ce, "Ki gaya wa malamin nan ya hau Galili gobe. Zan sauke ƙwarya."

Jama'a, na kusa faɗuwa. Na rungume ta har sandarta ta faɗi. Ko gida ban shiga ba na zarce katangar coci na kira shi na gaya masa. Ya ce, "Kin tabbata?" Na ce, "Da bakinta ta faɗa. Ka sa shaddar nan." Wata shadda ce ruwan toka da ni na zaɓa masa a kasuwar Makarfi, muka yi ta faɗa da tela a kan aikin wuya.

Litinin tun da hantsi ƙawata Mukarrama, 'yar Malam Bilya, ta gama zana mini lalle har gwiwar hannu. Na sa atamfar ankon gidanmu, kore mai zanen ganye, ɗinkin riga da siket da ya zauna mini ɗas. Na kafa ɗauri, na sa 'yan kunnen Inna na aurenta. Inna ta gyara mini wuyan riga ta daɗe hannunta yana wurin, kamar za ta yi magana, sai kawai ta ce, "Allah ya sa a sauko lafiya."

Dutsen ya cika maƙil. Kowane gida da tabarmarsa, shinkafa da miya, waina, zoɓo mai ƙanƙara da aka yo oda daga Makarfi, yara suna guje-guje da balan-balan. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun hau taya mu murna kamar kullum. Bayan addu'a da wa'azi aka ci aka sha, sai Kaka ta buga sandarta a kan dutse. Nan take aka buɗe fili, don kowa ya san abin da ake jira. Zumuntar Mata suka ɗauki waƙa, wata ta rangaɗa guɗa. Sama'ila ya fito daga cikin abokansa, shaddar tana ɗaukar ido, ya cire takalmi ya durƙusa can ɗaya gefen filin. Ya ɗago ya yi mini murmushi.

Goggo Bilkisu ce ta miƙo wa Kaka ƙwaryar a rufe da sabon faifai. Kaka ta ɗora mini a tafin hannu ta ce a hankali, "Riƙe da kyau. Jinin Korau ba ya rawar hannu a gaban mutane."

Tun a nan na ji ba daidai ba. Ƙwaryar da aka cika da kunu nauyi gare ta, kuma sanyinta yana ratsa hannu. Wannan sakayau take. Na ɗaga ƙafa na taka, sai na ji wani abu ya motsa a ciki, ƙaras. Na sake takawa, ƙaras-ƙaras. Na san ƙarar nan. Ran Juma'a na ji ta a kusa da kunnen Sama'ila.

Ga inda za ku zage ni, kuma ku zaga. Ina iya tsayawa. Ina iya yin tuntuɓen ƙarya in kifar da ita, a ce Sabuwa ta yi abin kunya, ni kaɗai in sha dariyar. Ina iya juyawa in dire ta a gaban Kaka in ce ni na sa shi, ni za a ba. Duk sun zo mini a rai, ba wanda bai zo ba. Amma na waiga na ga idon Kaka a kaina, na ga Inna ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi, na ga garinmu kaf yana tafi. Tsoro ya kama ni. Na ji tsoron a ware mini kwano. Sai na ci gaba da tafiya, har da ɗan rangwaɗa don kar a gane, ina taka ƙafa a hankali don abin ya daina ƙara.

Na durƙusa a gabansa na miƙa. Ya karɓa da hannu biyu. Ya ɗaga faifan.

Murafun lemo ne, sun yi rabin ƙwarya, har da ƙasar harabar coci a jikinsu.

Na kusa da shi suka leƙa, labari ya zaga dutsen kafin ka ce me. Waƙar ta tsinke. Wani ya fara dariya, sai ta bazu, yara suka ɗauki sunan nan suna rerawa suna tafi. Goggo Bilkisu ta ɗaga murya yadda kowa zai ji, "A ƙirga masa, kar ya ce an rage! Ladan aikinsa ne!" Fasto ya miƙe yana ɗaga hannu yana cewa a bari, ba wanda ya saurare shi. Malam Bilya ya ja hannun Mukarrama suka bar wurin yana girgiza kai.

Sama'ila bai dubi kowa ba sai ni. Ba fushi a fuskarsa, da ma fushin ne da na fi samun sauƙi. Ya mayar da faifan ya rufe ƙwaryar a nutse, ya miƙe, ya taka har gaban Kaka ya russuna.

"Na gode, Kaka. An ba ni ƙwarya a gaban jama'a, na karɓa."

Dariyar ta fara mutuwa. Kaka ta ɗago da sauri, don sai a lokacin ta gane abin da hannunta ya yi.

"Ajiye mini ƙwaryata."

"Ran Lahadi, Kaka. Ai haka aka saba."

Goggo ta yi wuf za ta fizge, wani dattijon coci ya tare ta da sandarsa ya ce, "Bilkisu, tun kafin a haife ki ba a taɓa karɓe ƙwaryar nan daga hannun namiji a kan dutsen nan ba." Sama'ila ya sa takalminsa, ya rungume ƙwaryar a ƙirji, ya gangara. Har ya yi nisa ana jin murafun suna ƙara. Ni kuwa ina nan durƙushe inda ya bar ni, hannuwana jawur da lalle a kan cinyata, ba wanda ya ce mini tashi.

Da muka sauko gidan ya zama kamar an yi mutuwa. Kaka ta shige ɗaki ta zauna tana kallon ragayar da ba komai a cikinta, Goggo tana ta masifa ita kaɗai a tsakar gida. Ni ko ɗaurin ban kwance ba na zame na tafi katangar coci, rana tana shirin faɗuwa. A raina har na fara jin wani ɗan daɗi, Allah ya yafe mini. Cewa nake yi ai ya karɓa, ai ya ce ran Lahadi, ke nan ya ci su da al'adarsu, ke nan har yanzu ni ce.

Sabis yana kamawa saƙonsa ya shigo.

"Tambaya ɗaya zan yi miki. Kin san abin da ke ciki kafin ki miƙo mini?"

Na rubuta eh, na goge. Na rubuta doguwar magana a kan Inna da Kaka da tsoro, na goge. A ƙarshe na rubuta, "A'a, Allah ya sani ban sani ba." Na tura.

Ya karanta nan take. Na ga alamar yana rubutu, ya tsaya, ya sake farawa. Sauro yana cizona a ƙafa ban ko kore shi ba.

"Sabuwa, ni da nake durƙushe can nesa, ana waƙa ana guɗa, tun takunki na farko na ji ƙararsu. Na ga kuma lokacin da kika rage sauri don su yi shiru. Na miƙa hannu ne don ina jira ki tsaya."

Sai wani saƙon ya biyo baya.

"Ƙwaryar Kaka za ta dawo ran Lahadi. Abin da zan zubo a ciki ne ban yanke ba tukuna."

Na danna kira. Ta yi ƙara sau ɗaya aka katse. Da na koma kan saƙon, hotonsa da ke sama, wanda ni na ɗauke shi ranar da ya gwada shaddar, ya ɓace.